Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ruwan da Sarki Hezekiya Ya Karkatar

A makon jiya na tsaya ne a daren da muka sauka Urushalima, wato Birnin Ƙudus, bayan na shafe shekara talatin ina koya wa yara labarin wannan birni ba tare da na taɓa taka ƙasarsa ba. Yau zan ba da labarin safiyar rana ta uku, amma sai na fara komawa Wusasa, domin a can wannan safiya ta samo asali.

Lokacin da idanun mahaifina suka fara rauni, ni ne nake karanta masa Littafi Mai Tsarki kowace yamma a zaure. Wata rana muka kai ƙarshen labarin Sarki Hezekiya a littafin Sarakuna na biyu, sura 20 aya 20, inda aka ce ya yi tafki da magudana ya shigo da ruwa cikin birni. Na karanta ayar da sauri, domin irin jimlar nan ce da ake rufe labarin kowane sarki da ita, hankalina kuma yana kan sura ta gaba. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Maimaita wannan, ɗana." Na maimaita. Ya tambaye ni ko na taɓa lura da yadda magabata suka kewaye Zariya da ganuwa, suka bar fili da kududdufai a cikinta. Na ce, "Na gani, Baba, amma ban taɓa tunanin dalili ba." Ya ce garin da aka yi wa ƙawanya ƙishirwa ce take fara buɗe ƙofarsa kafin mashi ya buɗe ta. Ban riƙe maganar da muhimmanci ba a lokacin, kuma da na zama malami na ci gaba da tsallake ayar a gaban ɗalibaina, abin da har yau yake damuna.

Tsohuwar Urushalima ta zamanin sarakunan Yahuda tana kan wani siririn tudu ne kudu da harabar Masallacin Ƙudus, a unguwar Silwan wadda mafi yawan mazaunanta a yau Falasɗinawa ne. Idon ruwanta guda ɗaya da ba ya ƙafewa, wato Gihon, yana can ƙasa a gindin tudun ta gabas, cikin kwarin Kidron, wurin da abokin gaba zai fi saurin kaiwa. A wajen shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, Assuriyawa suka ci Samariya, babban birnin masarautar Isra'ila ta arewa, suka kwashe mutanenta. Yahuda, masarautar kudu inda Hezekiya ya yi sarauta a Urushalima, ta tsira ne da biyan gandu. Da Sarki Sargon na Assuriya ya mutu a 705, Hezekiya ya ga dama ta samu, ya daina biya, ya kuma san cewa magajin Sargon, Sennakerib, zai zo neman bayani da rundunarsa. Ya zo ɗin kuwa a 701. Littafin Tarihi na biyu, sura 32, ya ce Hezekiya ya toshe maɓuɓɓugar Gihon ta sama, ya bi da ruwan zuwa yammacin birnin Dawuda, wato tsohuwar Urushalima.

Cikin wannan magudana muka shiga. Tsawonta ya kai mita 533, an sassaƙe ta cikin dutse tsantsa, faɗinta bai wuce kafaɗun mutum ɗaya ba, kuma har yanzu ruwan Gihon yana gudana a cikinta. Da na sa ƙafa sanyin ruwan ya haura mini har cinya kafin ya sauko ƙasa da gwiwa, duhu kuma ya rufe mu, sai hasken tocila. A gabana akwai wani dattijo daga ayarinmu wanda ya yi sana'ar haƙar rijiya tun yana saurayi, shi ne kuma ya zama malamina a wannan rana. Yana tafiya yana shafa bango da tafin hannunsa. Da muka kai wajen tsakiya, inda hanyar take ta karkacewa hagu da dama, sai ya tsaya cak ya ce, "Malam, kawo hannunka." Ya ɗora yatsuna a kan sawun diga, ya nuna mini yadda saran yake fuskantar gaba, sannan ya ja hannuna kamu kaɗan ya nuna mini inda saran ya juyo yana fuskantarmu. Ya ce, "A nan suka haɗu. Waɗannan ƴan guntayen ramukan da aka fara aka bari, neman juna suke yi da kunne." Na ce, "Baba, ta yaya ka sani?" Ya ce duk wanda ya taɓa zama a gindin rijiya ya san yadda dutse yake kai sauti.

Abin da ya karanta da yatsunsa, an rubuta shi da haruffa tun kusan shekara 2,700 da suka wuce. A 1880 wani yaro ya ga rubutu a jikin bangon kusa da mafitar kudu, layi shida cikin tsohon rubutun Ibrananci. Rubutun ya ce ƙungiya biyu ce ta yi haƙar daga kai biyu, da ya rage kamu uku aka ji muryar mutum yana kiran ɗan'uwansa, diga ta gamu da diga, ruwa ya gudano daga maɓuɓɓuga zuwa tafki, tsawon kamu 1,200. An ɓamɓare dutsen daga baya, yanzu yana gidan tarihi a Istanbul, domin Daular Usmaniyya ce take mulkin ƙasar a wancan lokaci. Abin da ya fi taɓa ni shi ne babu sunan sarki ko ɗaya a cikinsa, labarin masu diga ne kawai. Saboda haka ma akwai masana da suke ganin an fara aikin kafin Hezekiya, ko da yake mafi yawansu suna danganta shi da zamaninsa.

Da daddare a masauki na buɗe sura 22 ta littafin Annabi Ishaya, wanda ya rayu a wannan zamani a wannan birni, na tarar yana maganar tara ruwan tafki, da rushe gidaje domin ƙarfafa garu, yana kuma tsawata wa mutanensa cewa sun yi duk wannan ba su dubi Wanda ya tsara al'amarin ba. Da can ina karanta surar kamar wa'azin da za a iya yi a kowane gari. A daren na gane yana magana ne da mutanen da aka rushe ɗakunansu, kuma an tono ragowar wani garu mai kaurin kusan mita 7 na wancan zamani, wanda ya bi ta kan harsashin gidaje.

Assuriyawa ma sun rubuta nasu labarin, kuma kwatanta shi da na Yahuda ya koya mini yadda ake karanta tsofaffin rubuce-rubuce. A kan wani tubalin yumɓu mai fuska shida da yake gidan tarihi a Landan, Sennakerib ya ce ya ci garuruwa masu garu 46 na Hezekiya, ya kulle shi a Urushalima kamar tsuntsu a keji. Ya sa aka sassaƙa cin Lakish, ɗaya daga cikin biranen Yahuda, a bangon fadarsa a Nineba, kusa da Mosul ta yau. Duk wanda ya taɓa sauraron sanƙira a ƙofar fada ya san cewa kirari ba ya ambaton ranar da ubangida ya koma gida bai cika burinsa ba, don haka abin da aka yi shiru a kansa shi ne abin dubawa. Sennakerib bai taɓa cewa ya shiga Urushalima ba. Littafin Sarakuna kuwa bai ɓoye asarar ba, domin ya yarda an ci garuruwan Yahuda, ya ce Hezekiya ya aika wa Sennakerib a Lakish yana amsa laifi, har ya ɓare zinariyar ƙofofin Haikali ya biya. Ɓangarorin biyu sun yi daidai a kan talanti (wani ma'aunin nauyi na dā) 30 na zinariya, sun saɓa a kan azurfa, Yahuda ta ce 300, Assuriya ta ce 800. Ni na gaskata Allah ne ya ceci birnin kamar yadda sura 19 ta faɗa, amma na daina koyar da labarin kamar an yi ceton ba tare da kuka ba, alhali ƙasa guda ta zama kufai kafin a kai ga daren da aka ceci birnin.

Akwai kuma wani ɗan abu a sura 18 ta Sarakuna na biyu da ban taɓa fahimta ba sai da na san harsunan yankin. Jakadan Assuriya ya tsaya kusa da magudanar tafki na sama yana magana da harshen Yahuda, sai fadawan Hezekiya, Eliyakim da Shebna da Yowa, suka roƙe shi ya koma Aramiyanci don kada talakawan da suke kan garu su ji. A lokacin Aramiyanci harshen jakadu ne da manyan ma'aikata. Bayan shekara 700 shi ne ya zama harshen gida da kasuwa a Galili, wanda Yesu ya yi magana da shi.

Mun fito daga duhun bayan kusan minti arba'in, muka gangara zuwa matakalan dutse na tafkin Siluwam, waɗanda aka gano a 2004 lokacin da ake gyaran bututun ƙazanta. A nan ne, bisa ga sura 9 ta Yahaya, Yesu ya aiki wani makaho ya wanke idanunsa, da ruwan da masu diga suka karkato ƙarni bakwai kafin a haife shi. Dattijon nan ya zauna a kan matakala yana matse ƙafar wandonsa, ya roƙe ni in karanta masa ayar Sarakuna, na karanta masa ita sau biyu a hankali kamar yadda mahaifina ya so. Washegari motarmu ta nufi Lakish, inda har yau ake ganin tulin ƙasa da duwatsun da Assuriyawa suka jibga suka hau garu, kuma daga nan zan ɗora a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.