Ban ɗakin da ya ci mana wata guda

Alhamdulillah, yau aka ɗora kwano a ginin da muke yi a Ɗan Magaji. Da tuni an rufe shi kafin ruwan farko, ba don canjin da na kawo ba.

Gini ya kai linta sai Hajiyarmu ta zo dubawa, ta ce ban ɗaki ya yi wa ɗakinta nisa, ga ciwon gwiwa. Gaskiyarta ne. Nan take na ce wa magini a matso da shi, ban ko kira injiniya ba. Ashe an riga an binne bututun ruwa a ƙarƙashin daɓe. Aka fasa daɓen, aka rushe layin bulo tara, aka sake zuba linta, shi kuwa kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Kafinta ya gaji da jira ya kama wani aiki a Samaru, katakonmu yana ta shan ruwa a fili.

Injiniya ya ce, "Alhaji, daga yau kowane canji a zana shi a takarda, mu lissafa kuɗi da kwanaki, ka sa hannu."

Haka muka yi da tagar kicin. Kwana biyu ta ɗauka.