Ganga da sunaye: inda na kai a koyon jembe

'Yan'uwa masu koyo, sannunmu da ƙoƙari. Sautuka uku na jembe, gangar hannun nan ta Afirka ta Yamma, sun fara rabuwa a hannuna: mai kauri na tsakiyar fata, na gefe, da kuma mari. Hannun dama ya zauna. Marin hagu ne har yanzu yake fitowa a shaƙe da zarar na ƙara sauri, don haka na mayar da manhajar ƙidaya ta waya bugu 70 a minti, ina bin ta sannu a hankali. Damina ma ta sa fatar akuyar ta sha danshi ta saki, sai na ɗan shanya gangar kafin ta yarda ta yi magana.

Abin da nake aiki a kai shi ne kiɗan kiran sunayen baƙar fata da 'yan sanda suka kashe a Amurka. Na ɗauko salon daga waƙar da mawaƙiyar Amurka Janelle Monáe da mawaƙan kamfaninta na Wondaland suka fitar a watan Agustan 2015. Ganguna da muryoyi ne suka riƙe ta: mai jan baki ya ɗaga suna da ƙarfi, 'yan amshi su amsa cewa a faɗi sunansa. A kunne abu ne mai sauƙi. Sai ka zauna da ganga tsakanin gwiwoyi za ka gane inda gizo ke saƙar.

Hannunmu ya saba da kiɗan biki. Da ka sami zubi mai daɗi, kafaɗa ta fara motsi, yatsu su fara ƙawa, kafin ka ankara ganga ta haɗiye sunan. To ai sunan ne dalilin zaman. Yanzu duk inda suna zai faɗo, na cire mari da ado, na bar bugu ɗaya mai kauri a farkon zagaye, sauran filin na murya ne.

Kuma sunayen ba tsayinsu ɗaya ba. Eric Garner gaɓa huɗu ne, yana hawa bugu huɗu daidai. George Floyd biyu ne kacal, sai ka ja su ko ka bar gurbi a bayansu; ni gurbin na zaɓa. Breonna Taylor kuwa ƙarfinsa yana kan gaɓa ta biyu, dole ka shigo da "Bre" kafin bugun farko ya sauka. Wannan shigowar ita ta fi ba ni aiki, domin baki na gaba, hannu na biye, kowanne yana so ya ja ɗan'uwansa.

Shawarata, kada ka kira sunan da ba ka san labarin mai shi ba, domin muryarka za ta tona ka. Garner, mai shekara 43, ɗan sanda ya shaƙe masa wuya a Staten Island da ke birnin Niyok ranar 17 ga Yulin 2014 kan zargin sayar da sigari kara-kara, ya ce ba ya iya numfashi har sau 11. Breonna ma'aikaciyar lafiya ce mai shekara 26, cikin gidanta a Louisville aka harbe ta da tsakar dare a watan Maris na 2020. Tamir Rice yaro ne ɗan shekara 12, yana wasa da bindigar roba a Cleveland lokacin da ɗan sanda ya harbe shi. Tunda na san wannan, hannuna da kansa yake sassautawa idan na zo kan Tamir.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Amadou Diallo, Bafulatani ɗan Gini mai shekara 23, ɗan tireda a birnin Niyok. Ranar 4 ga Fabrairun 1999, a ƙofar gidan da yake haya a Bronx, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka buɗe masa wuta lokacin da ya ciro walat ɗinsa. Harsashi 41 suka harba, 19 suka same shi. A shekarar 2000 kotu ta wanke su duka huɗun. Saboda shi na tsara wani sashe da babu murya: bugu 41 a jere, 19 daga ciki mari ne. Ina ƙirga takwas-takwas sau biyar, na 41 ya faɗo shi kaɗai a farkon zagaye na shida. Ku gwada ku ji tsawonsa. Kafin ka kai talatin damtse ya ɗau zafi, kai da kake bugun fata kawai.

Abin da ya rage mini shi ne raba marin nan 19 tsakanin hannu biyu ba tare da ƙirgen ya kuɓuce ba, sannan in iya shiga amshi nan take bayan bugun ƙarshe. Wanda marin hagunsa ya fita tas a cikinku, don Allah ya gaya mini yadda yake ajiye tafinsa a bakin ganga, da ko yatsunsa a buɗe suke sauka ko a haɗe.