Keke a Cikin Kwali: Tafiyata Zuwa Bakin Kogin Danube

Kafin in fara ɗaukar keke a jirgin sama, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da zai same shi a can sama, domin na sha jin ana cewa tayoyi kan fashe idan jirgi ya lula. Da na yi tafiyar sai na tarar sa'o'in da keken ya yi a sama su ne kaɗai lokacin da ya samu kwanciyar hankali, duk wahalar da muka sha ni da shi a ƙasa muka sha ta. Niyyata ita ce in sauka a Munik, in hau jirgin ƙasa zuwa Passau, garin da kogunan Danube da Inn da Ilz suka haɗu a kan iyakar Jamus da Ostiriya, daga nan in bi hanyar keke ta bakin kogi har Biyana, babban birnin Ostiriya, tafiyar sama da kilomita 300.

Matsala ta fara tun daren jajibirin tafiya. Na samo kwalin da ake kawo sababbin kekuna a ciki, na cire wilin gaba, na sauke sirdi, na karkatar da kan keken, sai ya rage feda. Ta dama ta fita ba gardama, amma ta hagu na kusa awa guda ina kokawa da ita da sifana, ina gumi, ina zagin tsatsa, alhali ni ne nake ƙara ɗaure ta da hannuna. Fedar hagu ana kwance ta ne ta ɓangaren da ake ɗaure sauran notuna, an yi ta haka don kada ta riƙa sassautawa idan ana tuƙi. Da na gane, juyi biyu kawai ta nema.

Kuskure na biyu kwaɗayi ne ya jawo shi. Na ga sarari a cikin kwalin, sai na cusa tanti da takalma da kayan gyara, ina ganin na yi dabara. A kan sikelin filin jirgi kwalin ya kai kilo 27, iyakar tikitina kuwa kilo 23 ce, kamar yadda take a kamfanoni da yawa. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta duba kwalin, ta kira wani abokin aikinta, suka daɗe suna shawara a kan ko keke kayan wasanni ne ko kaya mai wuce ƙima, domin kowanne da kuɗinsa. Daga bisani ta ce, "Yallaɓai, ka sace iskar tayoyin?" Na ce ban sace ba. Ta ce sai na buɗe.

A nan ne na so in yi gardama, domin wurin da ake loda kaya a jiragen fasinja na zamani ana daidaita matsin iskarsa kamar na wurin zaman mutane, kuma ko da babu iska sam a wajen tayar, abin da zai ƙaru a kanta bai wuce awo ɗaya na ma'aunin matsin iska da ake kira bar ba, tayata kuwa tana da huɗu a ciki, an rubuta a gefenta cewa tana jure shida. Amma mutum ba ya koyar da kimiyya a gaban kanta alhali layi ya miƙe a bayansa, ga shi ƙa'idar kamfanin ce a rubuce. Na yanke salatef ɗin da na ɓata rabin dare ina naɗawa, na sace iskar, na kwashe tanti na tura cikin jakar hannu, sannan na tuna ban taho da sauran salatef ba. Wani mai naɗe akwatuna da leda ne ya cece ni, ya lulluɓe kwalin sama-sama, aka tura shi ta ƙofar manyan kaya.

Jirgin ba kai tsaye yake ba, kuma don neman arha na zaɓi tikitin da ya ba ni ƙasa da awa guda in sauya jirgi. Ni na yi gudu na samu shiga, amma kwalin keke ba ya gudu. Manyan kaya ba sa bin bel ɗin da akwatuna ke bi, da hannu ake ɗaukarsu, saboda haka su ne na farko da ake bari idan lokaci ya ƙure. A Munik na tsaya a gaban ƙofar manyan kaya har ɗakin ya watse, aka fito da keken jarirai biyu da wata doguwar jaka, nawa shiru.

Abin da na yi daidai a tafiyar nan, kuma ban yi shi don wayo ba sai don rashin sanin inda zan dosa, shi ne ban bar filin jirgin ba sai da na cike takardar rahoton kaya aka ba ni lamba. Daga baya na fahimci cewa wannan takarda ita ce ginshiƙin duk wata diyya. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda yawancin tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa ke ƙarƙashinta, ta ba fasinja kwana 7 ya kai koke a rubuce idan kayansa sun lalace, da kwana 21 idan an yi jinkirin kawo su, kuma kayan da ba su iso ba bayan kwana 21 ana ɗaukarsu a matsayin ɓatattu. Ta kuma yanke iyakar abin da kamfani zai biya, wadda tun ƙarshen 2024 ta kai kimanin dala 2,000. Wanda kekensa ya fi haka daraja, ragowar a kansa take, sai dai idan ya bayyana darajar tun a wurin awo ya biya ƙari, ko ya sayi inshora.

Kwana biyu na yi a Passau ina kallon masu keke suna wucewa ta bakin kogi, kafin mota ta kawo kwalin masaukina. Ledar ta yage, kusurwa ɗaya ta lotse, ramin da ake sa hannu a ɗauka ya tsage ya zama taga. Na ɗauki hotuna kafin in taɓa komai. Jikin keken lafiya lau, amma siririn ƙarfen da ke ɗaure wilin gaba, wanda na jefa cikin kwalin haka nan ba tare da na ɗaure shi a jikin komai ba, ya sulale ta wannan tagar a wani filin jirgin da ban sani ba. Na'urar sauya giya kuma, da na bar ta a maƙale, ta sha danna har ɗan ƙarfen da take rataye a jikinsa ya lanƙwashe, tana neman shiga cikin wilin baya. Wannan ƙarfe da gangan ake yin sa da laushi don ya lanƙwashe a madadin jikin keken, sai dai kusan kowane samfurin keke da irin nasa, don haka ba a cika samunsa a shago nan take ba. Mai gyaran da na samu ya miƙe shi a hankali da wani dogon ƙarfen awo, ya gargaɗe ni cewa ba zai jure miƙewa ta biyu ba. Noti ɗaya tak zan kwance da tun a gida na cire na'urar na naɗe ta da tsumma.

Tafiyar kanta ta yi daɗi, ta Linz da Melk da kwarin Wachau, amma ba ita nake ba da labari ba. Na isa Biyana da yammacin Asabar, jirgina na safiyar Litinin ne, tsohon kwalin kuwa na bar shi a Passau ina cewa ai kwali ba ya wuya a babban birni. Ban yi lissafin cewa a Ostiriya shaguna a rufe suke ranar Lahadi ba, shagunan keke kuma da yawa sun tashi tun da rana ranar Asabar. Mai kula da masaukin ne ya kai ni ɗakin ajiyarsu, muka zaƙulo kwalin talabijin da na wata na'urar wanki, na wuni ina yanka ina haɗawa a tsakar gida. Wannan karon na cire na'urar giyar, na zuba ƙananan ƙarafa a jaka na ɗaure ta a jikin keken, na sace iskar tayoyi tun ba a tambaye ni ba, na kuma sa naɗin salatef guda a aljihu. Kwalin ya fito a karkace kamar an gina shi a cikin duhu, nauyinsa kilo 21, kuma da na sauka na tarar da shi a jingine a bakin ƙofar manyan kaya, ya riga akwatina fitowa.