Sauka a gidan Turawa a Faransa: shirin da ake yi tun daga Yamai

Wanda zai sauka a gidan Turawa, ya ci abincinsu ya kwana ƙarƙashin rufinsu, shirinsa ya bambanta da na mai zuwa otal ko ɗakin ɗan'uwa ɗan Nijar. Na yi irin wannan zama a Faransa lokacin wani ɗan gajeren horo, kuma yawancin abin da ke ɓata makon farko na ga tun daga gida ake maganinsa, da takardu da kuma faɗin gaskiya ga masu masauki.

Maganar biza daban take, musamman tunda ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024. Amma ko biza na hannu, ƴan sandan iyaka suna da ikon neman wasu takardu. Idan zaman bai wuce wata uku ba, mai masauki ne ke zuwa ma'aikatar magajin garinsu ya ciro takardar shaidar karɓar baƙo, ya biya yuro 30 na tambur, ya aiko maka da ta asali, ba hotonta a WhatsApp ba. Sai inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da tikitin dawowa, da shaidar guzuri, wanda ga mai wannan takarda yuro 32.50 ne a kowace rana. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, ke nan jaka ashirin da ɗaya da ƴan kai a yini. Duk waɗannan a jakar hannu suke zama tare da fasfo da katin rigakafi, domin ana wuce ƴan sanda kafin a kai wurin ɗaukar akwati. Ka canza kuɗinka a Yamai. Sefa ba ta sayen ko ruwa a can.

Mai tasowa daga Tawa ya sauko kwana ɗaya ko biyu kafin ranar jirgi. Hanyar Ƙonni, Dogonduci da Doso ta haura kilomita 500, kuma mota ba ta da alkawari.

Tsaraba ce wurin da mutanenmu suka fi yin asara. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da duk abin da aka yi da nono daga ƙasashenmu. Kilishi, cuku, man shanu, dambun nama, in ƴan duwan suka gani za su karɓe su zubar, wani lokaci har da tara. Ɗanyen kayan lambu ma sai da takardar lafiyar tsiro, don haka albasar Galmi ta yi zamanta a gida. Dabino an yarda da shi. Ni a ganina babu kamar aikin hannu: jakar fata, zanen saƙa, ko sarƙar azurfa irin ta Agadas. Ba su da nauyi a cikin kilo 23 da galibi ake ba akwati, kuma suna buɗe hira a daren farko.

Birnin Paris na da manyan filayen jirgi biyu, Charles de Gaulle da Orly, ɗaya a arewa ɗaya a kudu. Ka aika wa masu masauki sunan filin, lambar jirgin ƙarshe bayan sauyi a Kasablanka ko Istanbul, da lokacin sauka. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu ɗaya da nasu. Sauran watanni sun riga mu da awa ɗaya. Lambar wayarsu da adireshin gidan a rubuta su a takarda, saboda layin Nijar kan yi shiru da zarar an sauka. In lokacin sanyi ne, rigar sanyi mai kauri da safa su kasance a hannu. Ka roƙi masu masauki su zo maka da babbar rigar sanyi, za su yi murna da an tambaye su.

Abin da ya fi komai nauyi shi ne kunya. A gida, baƙo nagari shi ne wanda aka ce masa bismilla ya ce alhamdulillahi, sai an matsa sau biyu sau uku sannan ya sa hannu. A can in ka ce ka ƙoshi, an gama, za a kwashe kwanuka a sa a firigo, ka kwana da yunwa, su kuma suna ganin sun girmama maganarka. Haka sunkuyar da kai gaban babba: mu ladabi muke nufi, su kuwa sai su ɗauka kana ɓoye wani abu ko ba ka jin daɗin gidan. Ka dube su in suna magana. In suka ce ka kira su da sunansu, bakin Bahaushe zai yi nauyi, amma ka fara da Madam da Mushe (Madame da Monsieur) har ka saba, ba laifi ba ne.

Saboda haka abubuwa huɗu nake ba da shawarar a rubuta musu tun kafin a taso: ba ka cin alade kuma ba ka shan giya, kana salla sau biyar, yadda kake gaisawa da mata ko maza, da ko kana iya zama da kare a cikin ɗaki. Maganar alade tana son bayani dalla-dalla, domin uwar gida na iya cire tsokar nama ta manta da ƴan gutsattsarin da aka soya cikin miya, ko giyar da aka zuba a tukunya, ko jelatin da ke cikin alewa, sinadarin da galibi daga alade ake samo shi. In naman halal kawai kake ci, ka faɗa, ka ƙara da cewa kifi da ƙwai sun wadatar. Wannan yana sauke mata nauyi. Gaisuwar sumbatar kunci kuwa, dafa ƙirji da murmushi ya isa, muddin sun sani tun farko.

Salla tana buƙatar sabon lissafi. A Yamai gabas muke fuskanta, an ɗan karkata arewa; a Paris alƙibla kudu maso gabas take. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe biyar na yamma, a Yuni kuwa sai wajen goma na dare, kuma ba za ka ji kiran salla ba, sai dai jadawalin masallaci mafi kusa ko na waya. Babu buta a bayi. Ƙaramar gorar roba ta isa, amma dabensu ba na zubar da ruwa ba ne, wani wurin ma katako ne. Alwala a kwamin wanka ake yin ta, a goge ƙasa bayan an gama. Ga ƴan'uwa mata: turaren wuta yana tayar da na'urar jin hayaƙi da doka ta tilasta sawa a kowane gida tun 2015. A tafi da humra ko turaren ruwa, a cikin babban akwati, tunda jakar hannu ba ta ɗaukar kwalbar da ta wuce mililita 100.

Ranar farko ka nemi a zaga da kai gidan, ka yi ta tambaya: ƙarfe nawa ake cin abincin dare, wace shara ke shiga wane kwando, wace rana ake kunna injin wanki, ana shiga da takalmi ko a'a, za a ba ka makulli. Abincin dare tare ake ci a tebur, wajen bakwai da rabi zuwa takwas, kuma in za ka makara dole ka sanar. Ka kwashe kwanonka da kanka ko da kai namiji ne mai iyali. Wuta da ɗumama ɗaki suna da tsada, kada a bar taga a buɗe na'ura na aiki. Bayan goma na dare a rage murya. Hirar gida da lasifikar waya a buɗe tana ratsa bangonsu.

Zazzaɓin cizon sauro na iya biyo ka a jini, ya tashi bayan sati ɗaya ko fiye da sauka. Masu masauki za su ce mura ce ta sauyin iska, likitan unguwa ma ba lalle ya kawo shi a ransa ba. Da zarar jiki ya yi zafi, ka ce daga Nijar ka zo, ka nemi gwajin jini a ranar. In dare ne ko abin ya tsananta, lambar gaggawa 112 ce, kuma kyauta ake kiran ta daga kowace waya.