Daren Maleme da Darasin "Da A Ce"

A kwas ɗin tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, malaminmu ya ba mu aikin ɗaukar yaƙi guda mu rubuta yadda zai iya juyawa. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada ka ba kwamanda makamin da ba ya hannunsa a ranar, ko labarin da bai kai kunnensa ba. Na zaɓi tsibirin Kirit na ƙasar Girka.

Ranar 20 ga Mayu 1941 Jamus ta fara zubo sojojin laima a tsibirin. Masu tsaro sun haura 40,000, daga Birtaniya, Ostireliya, Niyu Zilan da Girka, ƙarƙashin Janar Freyberg, kuma sun san harin na tafe domin Birtaniya tana karanta saƙonnin sirrin Jamus. A ranar farko maharan sun sha kashi. An harbe da yawa tun suna lilo a sama, har rana ta faɗi ba su kama ko ɗaya daga filayen jirgin Maleme, Retimno da Hirakliyon ba.

Cikin daren nan ne komai ya sauya. Laftanar Kanar Andrew na rundunar Niyu Zilan, mai riƙe da Tudu na 107 da ke kallon filin Maleme, ya rasa hanyar jin ta bakin wasu rukunonin bataliyarsa. Wayoyi sun tsinke, oba-oba ba ta da tabbas, ɗaukin da ya nema bai zo a kan kari ba. Ya ɗauka an gama da yaransa, alhali suna nan daram, sai ya janye. Washegari jiragen jigilar Jamus samfurin Junkers 52 suka fara sauke sojojin da aka horar don yaƙin duwatsu a filin.

Kusan duk mai son wasan "da a ce" nan yake tsayawa: da Andrew ya kwana a kan tudun, da Kirit ba ta faɗi ba. Na yarda harin farko zai iya karyewa, don 'yan laimar sun jigata, kuma jiragen ruwan Birtaniya sun tarwatsa ayarin kwale-kwalen da ya taso musu da ɗauki. Sai dai mu da ke zaune da taswira mun san abin da mutumin da ke cikin duhu da ƙarar bama-bamai bai sani ba, kuma ganin wallensa daga nesa rashin adalci ne.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne watannin da za su biyo bayan nasarar. Tun 19 ga Mayu aka kwashe ragowar jiragen yaƙin Birtaniya zuwa Masar, sararin sama ya zama na Jamus. Manyan tashoshin ruwa irin su Suda duk suna gaɓar arewa, suna fuskantar babban yankin ƙasar Girka inda abokan gaba suke, kudu kuwa duwatsu ne ba hanyar kirki. Kowane buhun gari da akwatin harsashi sai ya ratso ƙarƙashin ruwan bama-bamai. A 'yan kwanakin yaƙin kaɗai rundunar ruwan Birtaniya ta yi asarar manyan jiragen yaƙi 3 da matsakaita 6.

Don haka a takardata na bar Andrew a kan tudun, na ba masu tsaro nasarar makon farko. Sauran shafukan na ƙare su ne a kan lissafin jiragen da Birtaniya za ta iya ci gaba da sadaukarwa don ciyar da tsibirin, a daidai lokacin da kwamandan Jamus Rommel ke matsa wa Masar lamba ta hamadar Libiya.