Asabar a gaban tankin kifi: nawa ne takin da ya isa?

Katsina, tsakiyar bazara.

Asabar ce ranar da nake canja ruwan tanki, don haka bayan sallar asuba na jawo kujera na zauna ina duba ganye kafin in taɓa komai. Ma'aunin zafi da ke manne a gilashi ya nuna 29 tun rana ba ta fito ba. Ruwan ya sauka da faɗin yatsu biyu daga inda na bar shi, zafi ya shanye. Badon da ke tsakiya ya fiddo sabon ganye ja. Tsiron Anubiyas ɗin da na ɗaure a jikin icce yana nan yadda yake, shi dama ba mai gaggawa ba ne. Kainuwa ce ta tsaya mani a rai. Tsofaffin ganyenta kore shar, amma sababbin da ke fitowa ta tsakiya sun koɗe, sun yi fari-fari.

Ba don ado na sa kainuwa a tankin ba. Ita a saman ruwa take, haske ya ishe ta, iskar kabon kuma daga sarari take shaƙa, ba ta jiran wadda ta narke a ruwa. To idan ganyenta ya canja launi, ba haske ba ne, ba kabon ba ne, saura taki. Wajen ma da ciwon ya ɓullo yana faɗin wani abu. Naitirojin, fosfaras, fotashiyam da magniziyam, tsiro yana iya kwashe su daga tsohon ganye ya kai wa sabo, shi ya sa idan sun yi ƙaranci tsohon ganye ke fara rawaya ko hujewa. Sinadarin ƙarfe kuwa inda ya zauna nan yake zama, saboda haka sabon ganye ne ke fitowa a koɗe. Na san inda zan dosa ke nan.

Jiya da dare na tura wa ƙanena da ke Abuja hoton kainuwar. Da safen nan na tarar da amsarshi: jadawali guda, da saƙon murya yana cewa, "Yaya, ka daina wahalar da kanka da ɗigo-ɗigo, ka koma tsarin EI ka huta." Shi yana da tukunyar iskar kabon, yana da fitila mai ƙarfi, yana da batir da ke riƙe mashi wuta dare da rana, kuma tankinshi abin kallo ne, ba na ja.

Tsarin EI wani Ba'amurke ne, Tom Barr, ya yaɗa shi, kuma tunanin da ke bayansa mai sauƙi ne: ka zuba taki fiye da abin da tsirrai za su iya ci, yadda babu wani sinadari da zai yanke masu, sannan ƙarshen mako ka zubar da rabin ruwan ka sa sabo. Ba ruwanka da gwaji, ƙiyasi ne kawai. Ga tanki irin nawa mai lita 200, jadawalin ya ce rabin cokalin shayi na fotashiyam naitiret da kashi ɗaya cikin takwas na cokali na fotashiyam fosfet, sau uku a mako. Ranakun da ke tsakani kuma na ƙananan sinadarai ne, su ƙarfe da manganis da boron. Ana raba masu rana ne saboda ƙarfe da fosfet idan suka gamu da yawa sukan haɗe su kwanta, tsiro ya rasa duka biyun. Rana ta bakwai canjin ruwa.

Na ɗauki biro na yi lissafin da nake ganin shi ne zuciyar maganar. Giram ɗaya na fotashiyam naitiret a ruwa lita 100 yana ba da naitiret kusan miligiram 6 a kowace lita, da fotashiyam kusan 4. Jadawalin ƙanena zai zuba mani sama da miligiram 20 a kowace lita duk mako. A ce tsirrai ba su ci ko kaɗan ba: makon farko 20, ka zubar da rabi saura 10, ka ƙara 20 ya zama 30, rabi 15, ya zama 35, haka zai riƙa hawa yana rage gudu har ya tsaya kusa da 40. Ba zai wuce ninki biyu na abin da kake zubawa a mako ba. Wannan rabin ruwan da ake zubarwa shi ne birkin tsarin gaba ɗaya. Idan kashi ɗaya cikin huɗu kawai kake canjawa, iyakar ta koma ninki huɗu. Idan ka tsallake canjin, babu iyaka ke nan. Cike gurbin ruwan da zafi ya shanye kuwa ba canji ba ne, domin ruwa ne kawai ke tashi, gishirin da ke cikinsa yana nan, har ma kana ƙara mashi na sabon ruwan.

Rabin tankina jarka huɗu ce ta lita 25, kowane mako, ba fashi. A bazara, lokacin da gida ke lissafin ruwan girki da na wanka, ba zan iya kallon uwargida in ce a ware wa kifi jarka huɗu ba, ko da ruwan da na fitar shukokin tsakar gida yake tafiya, su zogale da lalle. Ba yawan kaɗai ba ne ma. Mai ruwan da ke kawo mana, yau daga wannan burtsatse ya ɗebo, gobe daga waccan, kowace da nauyin ruwanta. Na famfo da ake turowa daga madatsar Ajiwa kuma sai ya kwana a buɗe saboda kulorin. Sauya wa kifi rabin ruwansu lokaci guda da ruwan da ban san halinsa ba, abu ne da ba na so. Jarka biyu na canja yau, kamar kullum.

Da hantsi Kawu ya iso daga Jibiya, ya zo ganin likitan ido. Ya same ni da ɗan sikelin nan irin na masu sayar da gwal, ina auna farin gari. Bayan mun gaisa ya sha ruwa, ya daɗe yana kallon tankin, sannan ya ce, "Wai duk wannan aune-aunen na ciyawar nan ne? Ai da ka yi magana na riƙo maka tiya guda ta kamfa, ta ishe ka har tsufa."

Na ce, "Allah ya ƙara girma, Kawu, kamfa da yuriya na gona ne. Nan akwai masu rai a cikin ruwan."

Na yi mashi bayani yadda na fahimta. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, kuma da ta shiga ruwa ƙwayoyin halitta ke juya ta zuwa amoniya. Kamfa ma, irin 15-15-15 da aka saba, akasarin naitirojin ɗinta ta hanyar amoniyam ko yuriya yake zuwa. A gona ƙasa ce ke riƙe shi, saiwa ta ja a hankali. A tanki kuwa kai tsaye yake bi ta matattarar numfashin kifi ya ƙona ta, kuma dafinsa ƙaruwa yake yi idan ruwa ya ɗumama ko awon pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya haura bakwai. Ruwana yana da duka biyun a wannan watan. Naitiret da nake aunawa kifi na jure shi nesa ba kusa ba.

Kawu mutum ne da ba a gaya wa abu sau biyu in dai a kan shuka ne. Ya yi shiru, sai ya ce abin da nake yi ya tuna mashi da yadda danginmu na wajen Maraɗi ke sa wa gero taki: ba watsawa suke ba, cikin murfin kwalbar lemo suke aunawa, su binne a gindin kowace shuka. Na san wannan dabara, masu binciken noma na ICRISAT ne suka yaɗa ta a Nijar, kusan giram 6 na kamfa a kowane rami. Wanda ba shi da buhu goma sai ya kai ɗan abin da ke hannunsa daidai bakin saiwa. Na ji daɗin maganar ƙwarai, don rabin tsarina ke nan. Bado da doguwar ciyawar nan Balisneriya ta saiwa suka fi ci, don haka curin yumɓu nake yi masu, in sa ƙwayoyin taki masu rufi, irin masu narkewa a hankali, guda biyu ko uku a ciki, in shanya ya bushe, in tura shi can ƙasan yashi kusa da gindi. Anubiyas da kainuwa ba su da saiwa a ƙasa, su daga ruwa suke sha, su ne nake yi wa ɗigo. Mun rabu da Kawu a kan zai aiko mani da kamfar duk da haka, in gwada ta cikin curin yumɓu a bahon bado da ke tsakar gida, wanda babu kifi ciki.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wuta ta ɗauke, fitilar tankin ta mutu, famfon tace ruwa ya koma kan ƙaramin batir. Wannan shi ne dalili na biyu da ya hana ni bin tsarin EI, kuma ya fi na ruwa nauyi. Tsiro ba ya cin taki sai gwargwadon hasken da ya samu da kabon da ke cikin ruwa. Tsohuwar ƙa'ida ce da aka fi jingina wa Bajamushen nan Liebig tun ƙarni na 19: abin da ya fi ƙaranci shi ke yanke girman shuka, komai yawan sauran. A tankin ƙanena haske da kabon sun wadata, taki ne ke iya yankewa, don haka ya zuba da yawa. A nawa kabon ne ke fara ƙarewa, haske kuma yau awa takwas, gobe uku. In na tula taki a irin wannan hali, zama zai yi a ruwa ba mai ci. Ba na cikin masu cewa taki shi kaɗai ke kawo gansakuka. Na ga tankuna masu taki jingim kuma tas. Amma tsiron da hasken yau ya tashe shi, na gobe ya yashe shi, rauni yake yi, kuma a kan raunannen ganye gansakuka ke kafa. Shi kansa Tom Barr ya ba da wani tsari daban ga tankin da ba a hura wa kabon: taki kaɗan, sau ɗaya a mako. Wannan ɓangaren ne ba a cika turo wa mutum ba.

Akwai waɗanda suka fi ni sassauci wajen zuba taki. Diana Walstad, wata Ba'amurkiya masaniyar tsirran tanki, a littafinta na 1999, ƙasar lambu take shimfiɗawa a ƙarƙashin tsakuwa, ta bar abincin kifi da kashinsu su zama taki. Mabiya marigayi Takashi Amano, gwanin ƙawata tanki na Japan, ƙasar tankin suke wadatawa, su bar ruwan da ɗan abin da ba a rasa ba. Ni tsakani na tsaya, kusa da tsarin da ake kira PPS, wato kullum a ba tsiro abincin yini ɗaya.

Bayan azahar na haɗa sabuwar kwalba, don tsohuwar ta kusa ƙarewa. Ruwan leda rabin lita, fotashiyam naitiret giram 40, fotashiyam fosfet giram 4. Wajen masu sayar da takin da ke narkewa na noman tumatir a rumfar leda ake samunsu. A jikin buhu na farko an rubuta 13-0-46, na biyu 0-52-34. Mililita 4 da sirinjin kemis kowace safiya yana ba tankina naitiret miligiram ɗaya a lita, fosfet kuma kashi ɗaya cikin goma na miligiram. A mako 7 ke nan, kuma da canjin jarka biyu, ko tsirrai sun ƙi ci sam, nawa takin ba zai haura 28 ba, ban da abin da kifi ke ƙarawa. Ranar da wuta ta wuni ba ta zo ba, ba na zubawa washegari. Magniziyam kuma gishirin Epsom na kemis ne, ɗan kaɗan bayan canjin ruwa.

Saura ƙarfen da ya tashe ni tunani. Na duba jikin kwalbar ƙananan sinadarai, ƙarfen cikinta da wani sinadari mai suna EDTA aka riƙe shi don ya zauna a narke. Wannan mariƙin yana aiki ne a ruwa mai ɗan tsami; da pH ya doshi bakwai sai ya fara sakin ƙarfen, ya zama tsatsa ya kwanta a ƙasa inda kainuwa ba ta kaiwa. Na gwada ruwan da asuba ya nuna 7.4, na sake gwadawa da la'asar bayan wuta ta dawo ya kusa 8, domin da rana tsirrai na zuƙe kabon, awon ya hau, da dare kifi da tsirrai su fitar da shi, ya sauka. Ashe ƙara yawan abin da ke kwalbar ba zai yi wani amfani ba. Ƙarfe mai mariƙin DTPA yana riƙewa har wajen 7.5, mai EDDHA ya fi su duka juriya, sai dai yana rina ruwa ja-ja.

Bayan isha'i na kira ƙanena. Na ce mashi jadawalinshi daidai ne ga tankinshi, kada ya canja komai, amma ya nemo mani ƙarfe mai DTPA a wajen masu kayan kifi na can, ya ba direban mota ya kawo. Ya ce, "To Yaya, kabon fa? In haɗo maka da ƙaramar tukunya?" Na ce ya bari sai na kafa sola tukuna, don hura kabon a tankin da famfonsa ke iya tsayawa cikin wannan zafi kasada ce ga kifin, ruwa mai ɗumi dama iskar shaƙarsa kaɗan ce. Kafin saƙon ya iso, zan mayar da ɗigon ƙarfe zuwa asuba, lokacin da awon ya fi sauka, in raba shi kaɗan-kaɗan kullum, na naitiret da fosfet kuma ya koma yamma. Ganyen da ya riga ya koɗe ba lallai ya dawo ba, don haka na cire manyan kainuwa uku na bar ƙanana, waɗanda za su yi sabon toho cikin makon nan in gani ko launin ya gyaru.