Daga Unguwa Uku zuwa Abuja saboda tambayoyi 40

Da asubar Laraba na bar gida. Gari bai gama wayewa ba motarmu ta tashi daga tashar Unguwa Uku, jakar kwamfutata a cinya, cikinta takardun da na yi wata 3 ina bita. Abuja na nufa domin rubuta jarrabawar matakin farko ta ISTQB, hukumar da aka kafa a birnin Edinbara na Birtaniya a 2002 don ba masu gwajin manhaja shaidar ƙwarewa. Ana iya rubuta ta daga gida ta intanet, amma wanda wuta ta taɓa ɗauke masa ana tsakiyar aiki ba zai jingina kuɗinsa da hakan ba.

Shekarata 4 ina wannan sana'a a Kano. Ban taɓa jin ina da giɓi ba sai da na fara neman aiki a kamfanonin Legas da na ƙetare, na ga da yawansu sun sa wannan takarda cikin sharuɗɗa. Mai tace takardun masu nema bai san ni ba, bai ga daren da na kwana ina bin sawun kuskure guda ba. Abin da ke rubuce kawai yake gani.

Mun wuce Kwanar Dangora, dattijon da ke gefena ya leƙa takarduna. Ɗan kasuwar Dawanau ne.

"'Yata, wane aiki kike yi?"

"Baba, idan an ƙera manhajar waya, irin ta tura kuɗi, ni ke bincikar aibinta kafin ta kai hannun jama'a."

Ya yi shiru, sannan ya ce ai sana'armu ɗaya. Idan tirelar masara ta iso, ba wanda ke zazzage kowane buhu. Sai a soka ƙarfe a na sama, a na tsakiya, a na can ƙasa inda danshi ke ɓoyewa. Gwaninta ita ce sanin buhun da za a soka. Na buɗe takardata na fassara masa ɗaya daga ƙa'idoji 7 na manhajar karatun: gwada komai da komai ba ya yiwuwa. Na ba shi misalina. Idan an ce iyakar abin da za a tura naira 50,000 ce, ina gwada 49,999, da 50,000, da 50,001, domin a bakin iyaka aibi ya fi maƙalewa. Na daɗe ina yin haka ban san dabarar tana da suna ba. Wannan shi ne abin da karatun ya fi ba ni: yanzu idan na rubuta rahoto, injiniya a Indiya ko Jamus zai gane ko kuskuren mutum nake nufi, ko aibin da ya bari a manhajar, ko gazawar da mai amfani ya gani. Uku ne daban, a da kuwa duk "matsala" nake ce musu.

A Zariya Baba ya sauka, ya yi mini addu'a. A Kaduna na shiga Keke zuwa Rigasa, na hau jirgin ƙasa. Rijana, Jere, Kubwa, ban ɗaga kai sosai ba har Idu.

Washegari aka karɓi wayata da jakata a ƙofar ɗakin jarrabawa. Tambayoyi 40, ana neman 26. Awa ɗaya ake bayarwa, amma wanda Turanci ba harshensa na gado ba yana iya neman ƙarin minti 15, kuma na nema tun lokacin rajista. Ina shawartar duk Bahaushe ya nema, don wasu tambayoyin kalma guda ke raba amsoshinsu.

Na samu 31. A jirgin komawa, kafin mu kai Kubwa, na ƙara layi ɗaya a takardar neman aikina, na sake aika ta wurare 3 da suka yi mini shiru bara.